Yadda Na Ɗaura wa Motar Kawuna Ƙararrawar Ɓarayi

Mai kula da shafin nan namu na Hausa ya ce kowa ya kawo abin da ya koya lokacin hutu, wanda zai amfani wani. To, ni abin da na koya aikin waya ne, watau yadda mutum zai ɗaura wa mota ƙararrawar nan mai kuka in ɓarawo ya taɓa ta. Zan bayyana muku aikin daki-daki, har da kuskuren da na yi a ciki, don kada wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

Dalilin aikin

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direba ne. Shekara da shekaru yana ɗaukar fasinja tsakanin Keffi da Mararaba. Da kuɗin motar nan ya ke ci da iyalinsa, da su kuma ya ke biya mini kuɗin makaranta tun rasuwar mahaifina. Bara waccan ya ajiye motarsa a ƙofar gida kamar yadda ya saba, ya shiga ya kwanta. Da asuba ya fito, sai sawun taya. Aka yi cigiya har Akwanga da Lafiya, ba a ji ko ɗuriyarta ba. Wata tara yana tuƙa motar wani ana ba shi ɗan abin da ya samu. Daga baya ya haɗa kuɗin adashi da bashi, ya sayar da gona guda, ya sayi wata tsohuwar Toyota Corolla ƙirar shekarun 1990. Tun ran da ya kawo ta bai sake kwana a ɗaki ba, a cikinta ya ke kwana, sauro na cizonsa.

Abin ya dame ni. Na ce masa, "Kawu, ka sayo ƙararrawa, ni zan ɗaura maka."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai da ka ke koyon aikin alli, ina ka san waya?"

Na ce, "A yi mini izini in gwada. In na kasa, sai a kai wa riwaya."

Masu tarihi sun ce sunan garin nan namu daga kalmar kafi ya fito, watau shingen itace da a ke kewaye gari da shi, kuma Abdu Zanga ne ya kafa garin wajen shekara ta 1800. Ashe tsaron dukiya ba baƙon abu ba ne a Keffi. Amma tun da aka mai da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja cikin 1991, aka kuma yanke Jihar Nasarawa daga ta Filato cikin 1996, motoci sun yi yawa a hanyar nan tamu, mai son satar mota kuwa cikin sa'a guda ya ɓace cikin dubbai. Mota ba a yi mata shingen itace. Nata kafin da waya a ke yi.

Abin da ya kamata a fara sani

Wanda bai san halin wutar mota ba kada ya taɓa wayarta. Abubuwa huɗu ne tushe.

Na fari, wutar lantarki ba ta aiki sai ta zagaya. Takan fita daga kai ɗaya na batir, ta bi waya, ta ratsa fitila ko wani abin aiki, ta komo ɗaya kan. In aka yanke hanyar a ko'ina, aiki ya tsaya. Makunni ba kome ba ne illa wurin da a ke yanke hanyar a kuma haɗa ta. Tun muna aji biyar a makarantar mishan aka nuna mana wannan da batirin tocila da ɗan ƙwai, ban san zai yi mini rana ba.

Na biyu, batirin mota ɗaki shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da folt 2.1, jimla folt 12.6 in ya cika. Shi ne a ke kira batir mai folt 12. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙago irin wannan batir na dalma da ruwan asid cikin 1859, har yau kuwa shi ne cikin yawancin motocin da ke bin hanyarmu.

Na uku, kan batir mai alamar ragi an ɗaure shi da ƙarfen jikin mota. Saboda haka jikin motar duka waya ce guda babba, ta nan wuta ke komawa batir. Duk wayar da ta fito daga kan da ke da alamar tarawa, in ta taɓa jikin mota tsirara, hanya ta haɗu ke nan ba tare da abin aiki a tsakani ba.

Na huɗu, lissafin da Bajamushe Georg Ohm ya buga cikin 1827: a raba folt da ƙarfin tarewar hanya, wanda a ke aunawa da om, abin da ya fita shi ne yawan wutar da ke gudu, watau amfiya. Ga misali. Hanya mai om 80 a kan folt 12 za ta ja amfiya 0.15, abu kaɗan. Amma guntuwar waya mai om 0.05 in ta haɗa kan batir da jiki, 12 a raba da 0.05, amfiya 240 ke nan. Batirin mota yana iya ba da wannan, gama da irin wannan ƙarfi ya ke juya injin. Kafin ka ƙirga biyar wayar ta yi ja, robarta ta kama wuta. Don haka aka yi fiyus, ɗan siririn ƙarfe wanda ke narkewa ya yanke hanya in wuta ta wuce ƙima.

Kayan da ke cikin kwali

Da Kawu ya sayo ƙararrawar muka zazzage kwalin a kan tabarma. Akwai ɗan baƙin akwati, shi ne ƙwaƙwalwar abin. Akwai jiniya. Akwai wani ɗan abu mai jin girgiza, da ƙaramar fitila mai ƙyaftawa, da ɗan maɓalli na ɓoyewa wanda a ke kashe ƙararrawar da shi in rimot ya ɓata. Akwai rimot biyu, da rile guda, da damin wayoyi launi-launi, da takarda mai zanen inda kowace waya za ta.

Aikin akwatin mai sauƙin ganewa ne. In ka danna rimot ya shiga tsaro, sai ya zauna yana sauraron wayoyi uku ko huɗu: ta ƙofa, ta bonet, ta makulli, da ta mai jin girgiza. In ɗaya ta sake hali, sai ya saki jiniya, ya ƙyafta fitilu, ya hana sitata juyawa.

Masu ƙera irin wannan kaya da yawa sukan bi launi iri ɗaya: ja ita ce ta wutar kullum, baƙa ta jikin mota, rawaya ta makulli, koriya ta ƙofa, mai ruwan ƙasa ta jiniya. Amma kada ka dogara ga wannan. Takardar da ta zo da naka ita ce alƙali. Wayoyin motar kanta kuwa launinsu ba shi da dangantaka da na ƙararrawa ko kaɗan, kowane kamfani da nasa tsari.

Kayan aikin da na nema su ne mitar awon wuta, da sukudireba, da filaya, da sufana mai lamba 10, da ƙarfen liƙi da dalmarsa, da baƙin tef, da igiyoyin roba na ɗaure waya. Mitar na aro ta daga ɗakin kimiyya da izinin malaminmu.

Neman wayoyi

Kafin kome, sauke gilashin ƙofar direba. Mutane da yawa sun kulle makullinsu cikin mota lokacin gwaji. Sa'an nan ka kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, za ka ga damin waya mai kauri ya fito daga gidan makulli. Yawancin abin da ka ke nema yana nan.

Ka sa mita a kan folt 20 na wutar batir. Baƙin tsinkenta ka ɗora shi a kan ƙarfen jiki inda ba fenti, ja kuwa da shi za ka riƙa taɓa bakin wayoyi ɗaya-ɗaya. A wannan mataki batir yana ɗaure, gama ba a auna wutar da babu.

Wayar wutar kullum tana nuna folt 12 ko makulli yana ciki ko ba ya ciki.

Wayar kunnawa ba ta nuna kome in makulli yana kashe. In ka murɗa har fitilun gaban direba suka kama, sai ta nuna 12, ta kuma riƙe shi har lokacin da injin ke juyawa. A lura da wannan da kyau, gama akwai wata mai kama da ita, ta rediyo, wadda ita takan faɗi sifiri sa'ad da a ke tayar da injin. Ba ita a ke nema ba.

Wayar sitata, wadda direbobi ke kira kik, ba ta nuna kome sai a daidai lokacin da ka murɗa makulli har ƙarshe. Da ka saki ta koma sifiri. Ka tabbata giya tana firi, birkin hannu yana sama, kafin ka yi wannan gwaji.

Wayar ƙofa takan bi ta gefen ƙafar direba zuwa fitilar rufi. A yawancin motocin Japan, makunnin ƙofa jiki ya ke haɗawa: ƙofa a rufe mita ta nuna wajen 12, ƙofa a buɗe ta faɗi kusa da sifiri. Waɗansu motoci akasin haka su ke, shi ya sa akwatin ya kan zo da wayar ƙofa iri biyu, ka zaɓi wadda ta dace ka naɗe ɗayar da tef. Ka buɗe ƙofofin huɗu bi da bi ka ga ko duka suna motsa mitar. A motar Kawu ƙofar baya ta hagu ba ta motsa kome ba, ashe makunninta ya yi tsatsa. Da ban gwada ba, da na bar wa ɓarawo ƙofa guda kyauta.

Kowace waya ka gane, manna mata ɗan tef ka rubuta sunanta.

Gargaɗi guda wanda ba na so a manta. In ka ga waya cikin rigar roba rawaya, ko mai bakin haɗi rawaya, wajen sitiyari ko ƙarƙashin kujera, ta jakar iska ce, wadda ke kumbura ta tare direba lokacin haɗari. Kada ka taɓa ta da mita, balle da ƙwan gwajin nan da waɗansu ke amfani da shi. 'Yar wuta kaɗan ta isa ta tayar da jakar, kai kuwa fuskarka tana dab da ita.

Haɗawa

Da ka gama awo, cire makulli, ka kwance kan batir mai alamar ragi. Shi a ke fara kwancewa, shi a ke ɗaurawa daga ƙarshe. Ga dalili: in ka fara da ɗaya kan, sufana ta goga jikin mota, hanya ta haɗu ta cikin sufanar da ke hannunka. In kuwa ka riga ka raba jiki da batir, ko ta goga ba abin da zai faru. Bayan ka kwance, dakata minti uku ko fi, don wutar da ke ajiye saboda jakar iska ta zube.

Nemi wa akwatin wuri can sama bayan dashbod, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi kuma ruwa ba ya zuba. Akwatin da ke lilo a gaban gwiwar direba, ɓarawo zai tsinke shi kafin jiniya ta yi kuka uku.

Baƙar waya ka ɗaure ta da ƙusa mai murɗi a jikin ƙarfe, bayan ka kankare fenti har ƙarfen ya yi haske. Sau da yawa ƙararrawar da ke kuka ba dalili, daga wannan waya ciwon ya ke.

Jar waya ta tafi ga wayar wutar kullum, da fiyus ɗinta kusa da wurin haɗin, kada ya wuce taƙi guda. Fiyus yana tsare wayar da ke bayansa ne kawai, abin da ke gabansa ba shi da mai tsaro. Girman fiyus lissafi ne. Ƙwan sigina wat 21 ne, huɗu sun zama wat 84, a raba da 12, amfiya 7 ke nan. A ƙara jiniya mai jan amfiya ɗaya da ɗoriya. Ka ga fiyus mai amfiya 10 ko 15, yadda takarda ta faɗa, ya isa. Wanda ya cire fiyus ya naɗa waya ko takardar sigari a gurbinsa, ya ajiye wa kansa gobara.

Wajen haɗa waya da waya, fere robar ta motar kamar faɗin yatsa ba tare da ka yanke jan ƙarfen ba, ka naɗe sabuwar a kanta, ka liƙe da dalma, ka rufe da tef sosai. Haɗin da aka murɗa da hannu kawai ba ya jure ramukan hanya da zafin bazara.

Jiniya a ƙarƙashin bonet a ke ɗaure ta, nesa da bututun hayaƙi, bakinta yana duban ƙasa don kada ruwan damina ya taru a ciki. Wayarta ta bi ta cikin robar da sauran wayoyi suka bi suka shiga ɗakin direba. In ka zura ta ta hudar ƙarfe tsirara, bakin ƙarfen zai ci robarta sannu a hankali. Kada kuma ta bi inda mai kwanciya ƙarƙashin mota zai kai hannu ya yanke.

Mai jin girgiza a ɗaure shi tam a jikin damin waya mai kauri ko sandar sitiyari. Ƙaramar fitilar a sa ta inda na waje zai gan ta da dare. Maɓallin ɓoye kuwa, daga kai sai mai motar za ku san inda ya ke.

Rile, da kuskuren da na yi

Rile makunni ne wanda wuta ke dannawa maimakon yatsa. A cikinsa akwai naɗin siririyar waya, in wuta ta bi ta sai ta zama maganaɗisu ta jawo ɗan harshen ƙarfe. Ƙafafunsa biyar, kowace da lamba bisa tsarin Jamus: 85 da 86 su ne na naɗin, 30 ita ce tushen harshen, 87a ita ce inda harshen ke kwance in ba wuta, 87 kuwa inda ya ke komawa in an jawo shi.

Waya guda ɗaya tak a ke yankewa gaba ɗaya cikin aikin nan, ita ce ta sitata. Gefen da ya fito daga makulli ya tafi ƙafa ta 30. Gefen da ya nufi injin ya tafi 87a. Ƙafa ta 85 ta karɓi wayar akwatin wadda ke haɗa jiki in an shiga tsaro. Ƙafa ta 86 ta tafi wayar kunnawa. Ƙafa ta 87 a bar ta ba kome.

Dubi hikimar da ke ciki. In ba a cikin tsaro, harshen yana kwance, 30 da 87a suna haɗe, mota ta tashi kamar kullum. In ana cikin tsaro ɓarawo ya murɗa gidan makulli, shi da kansa ya ba naɗin wuta, harshen ya ɗaga, sitata ta mutu. In kuma akwatin ya lalace wata rana, harshen yana nan kwance, mai mota ba zai kwana a daji ba.

To, ni sai na yi gaggawa, magariba ta yi, na kai ƙafa ta 86 ga wayar wutar kullum. Muka gwada, kome ya yi daidai, Kawu ya yi ta sa mini albarka. Bayan wata guda zazzaɓi ya kwantar da shi kwana bakwai, motar tana ajiye cikin tsaro. Ran Litinin da ya ji sauƙi ya fito da asuba don ya kama layi a tasha, ya murɗa makulli, sai wani ɗan ƙas-ƙas. Batir ya mutu. Lodin safe ya wuce shi, ga bashi yana jira, ga kuɗin magani. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Malam, alli ya ƙare ne?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka tura motar wurin wani dattijon riwaya. Ya sa ƙararrawar cikin tsaro, ya jira kaɗan, ya ɗora yatsa a kan rile ya ce, "Yaro, taɓa nan." Na taɓa na ji ɗumi. Ya ce, "Abin da ke barci ba ya ɗumi. Wannan tun da ka ɗaura shi bai runtsa ba."

Da na koma gida na yi lissafin. Naɗin rile yana jan amfiya 0.15. Akwatin da agogon mota da sauransu suna jan wajen 0.05. Jimla 0.2, sau awa 24, sau kwana 7, ya haura 33 na ma'aunin da a ke rubutawa a jikin batir. Batirin Kawu 60 aka rubuta masa, ga shi tsoho, ba ya riƙe ko kusa da hakan. Da na kai wayar inda ta dace, abin da zai zube a kwana bakwai bai kai 9 ba. Sauri ya haifi nawa. Dattijon ya sauya wayar cikin minti biyar, ya kuma nuna mini yadda a ke sa mita tsakanin kan batir da wayarsa a auna abin da mota ke sha tana ajiye. In ya wuce amfiya 0.05 da yawa, akwai abin da bai yi barci ba.

Ya ƙara mini da wani gargaɗi. Waɗansu sukan sa rile a kan wayar famfon mai ko ta kunnawa, don mota mai giyar hannu ana iya tura ta ta tashi ko da sitata a mace. Gaskiya ne wannan ya fi hana ɓarawo. Amma in haɗin ya saki kana cikin gudu a hanyar Akwanga, injin zai mutu, sitiyari ya yi nauyi, birki ya yi tauri, ga fasinja a baya. Ya ce ɗan koyo ya tsaya a kan sitata, a ƙara da ƙarfen kulle sitiyari.

Gwaji

Bayan ka ɗaura batir, gwada kowane abu shi kaɗai. Shiga tsaro, buɗe ƙofa ta farko, kashe, sake shiga, buɗe ta biyu, har ka gama. Ɗaga bonet. Zauna ciki cikin tsaro ka murɗa makulli ka ga ko sitata ta ƙi. Gwada maɓallin ɓoye. Sa'an nan ka duba fitilu da sigina da ham da rediyo, ka tabbata ba ka ɓata abin da ka tarar da lafiyarsa ba.

Mai jin girgiza yana da ɗan abin murɗawa. Kada ka kai shi ƙarshe. Namu da farko ko akuya ta goga jikinta sai ya yi kuka, tsawar damina kuwa ba ta bar maƙwabta sun yi barci ba. Cikin mako biyu ba mai ko leƙowa in ya ji jiniyar. Ƙararrawar da ba mai fitowa dominta ba ta da amfani. Na rage shi har ya zama sai an bugi gilashi da tafin hannu da ƙarfi tukuna.

Iyakar abin

Kada wani ya ɗauka wannan darasi ya shafi kowace mota. Cikin 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da wata hanya wadda kwamfutocin mota ke magana da juna ta wayoyi biyu tufkakku, motocin zamani kuwa kusan duka haka su ke. A irinsu, labarin buɗe ƙofa saƙo ne da ke bi ta cikin waɗannan wayoyi, mita ba za ta nuna maka shi yadda na faɗa ba. Wanda ya fere su da ka yana iya kashe kwamfutar da ta fi ƙararrawar tsada nesa ba kusa ba. Irin wannan a kai wa gwani.

Har wa yau, kuka ba shi ne babban tsaro ba, hana injin tashi shi ne. Tun 1998 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta a sa wa kowace sabuwar mota na'urar da ba ta barin injin ya tashi sai ta gane ɗan ƙwayar da ke cikin makulli. Waɗansu masana biyu na ƙasar Holan, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun buga bincike cikin 2016 wanda ya nuna na'urar ta rage satar mota da wajen kashi 40 cikin 100. Amurka ba ta wajabta ba, sai ga shi cikin 2021 satar waɗansu motocin Kia da Hyundai marasa na'urar ta yi tsanani a birnin Milwaukee, ta bazu zuwa waɗansu birane. Tsofaffin motocin da talakawanmu ke neman abinci da su, da yawa ba su da ita, shi ya sa rilen nan ya ke da muhimmanci.

Motar Kawu tana nan. Wani dare cikin hunturun da ya wuce jiniya ta tashe mu wajen ƙarfe uku. Muka fito da tocila, maƙwabta biyu suka fito da sanduna, muka tarar da ƙofar direba a buɗe, an lalata ramin makullinta, ba kowa. Kawu ya sayi sabon makullin ƙofa da safe, ya kuma ci gaba da kwana a ɗaki.

Yadda za a kai darasin aji

Mu da za mu koyar da yara, ga yadda za mu nuna musu wannan duka ba tare da mota ba. A nemo batirin tocila biyu, da ɗan ƙwai ko ƙaramar ƙararrawa, da waya, da maƙalin shanya tufafi na itace, da ƙananan ƙusoshin manna takarda biyu, da guntun kwali, da zare. A kafa ƙusa ɗaya a kowane leɓe na maƙalin yadda za su haɗu in ya rufe, a ɗaura wa kowace waya, a haɗa da batir da ƙwan. A sa kwalin tsakanin ƙusoshin, a ɗaure shi da zare a jikin ƙofar aji. Mai buɗe ƙofa zai zare kwalin, ƙusoshi su haɗu, wuta ta zagaya. Na gwada wannan da 'yan aji shida lokacin koyon koyarwa, har aka buga ƙararrawar tashi ba su so fita ba.

Ga tambayoyi huɗu da za a iya ba su, ku ma ku gwada kanku:

1. Don me a ke fara kwance kan batir mai alamar ragi?
2. Ƙwai huɗu masu wat 5 kowanne, amfiya nawa za su ja a kan folt 12?
3. Mota tana shan amfiya 0.05 tana ajiye. Nawa za ta sha cikin kwana 30?
4. Me zai faru in aka kai wayar sitata ƙafa ta 87 maimakon 87a?

Wanda ya sami amsar ta huɗu ya same ni a ɗakin kimiyya ran Laraba da yamma, rilen yana wurina, sai mu gwada tare. Allah ya tsare mana abin da muka wahala muka samu.